Farfesan Salansa na Yarrabool

Duk garin da Allah ya nufa da alheri yakan ba shi mutum guda wanda ya san komai. Mu a Yarrabool an ba mu Neville Tuckwell, kuma har yau ba mu gama godiya ba. Kafin ya yi ritaya, aikinsa auna alkama ne a rumbun gari: mota ta hau sikeli ya duba, ta sauka ya sake dubawa. To, a can ne ilimin inji ya shige shi ta kunne. Ya daɗe a bakin tagar nan manyan motoci na wucewa, har ya kai matsayin da in ya ji ƙarar mota daga nesa sai ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido, ya faɗa maka ciwonta. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, domin kafin a je a duba, motar ta yi nisa.

Shi ne Shugaban Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci ta Yarrabool da Kewaye. Kada tsawon sunan ya firgita ka. In an kira taron gaggawa, tebur ɗaya a mashaya ke ɗauke su duka, har da gurbin karen Wal Dunstan, tsohon manomin da ya shiga ƙungiyar da tarakta saboda ba shi da mota. Neville yakan zo taro cikin farar rigar kanikanci wadda matarsa Glenys ta goge har tana ƙyalli, da 'yar sifana a aljihun gaba inda wasu ke sa biro. Baƙin mai bai taɓa samun alfarmar taɓa rigar nan ba. A gabansa Shugaba muke ce masa. A bayansa kuwa Farfesan Salansa, kuma ga yadda ya samo digirin.

Yana da wata tsohuwar a-kori-kura ja, wadda ya raɗa wa suna Gimbiya. Dokarsa a kanta ɗaya ce: babu mazaunan da za su taɓa kujerar direba sai nasa. Kanikawan gari ma daga nesa suke gaishe ta. Ya ce hannunsu ya saba da motocin yau marasa tarbiyya, shi zai kula da abarsa da kansa.

Gimbiya ce ke jan faretin baje-kolin gona na shekara-shekara. Motar da ke gaba ita ke ɗaukar ragon da ya ci gasa, ta zagaya fili da tafiyar ƙafa, shanu da dawaki da 'yan badujala na biye. Wannan gurbi Neville ya riƙe shi tun wasunmu ba su yi furfura ba, kuma in ka cire shi daga rayuwarsa, abin da zai rage bai wuce rigar nan da sifana ba. Da Janar, shahararren ragon manomi Col Pfeiffer, zakaran gasar, ya mutu, sai Neville ya roƙi fatarsa. Ya sa aka jeme ta da gashinta mai kauri, ya ninka ta biyu, ya shimfiɗa ƙarƙashin ƙafafunsa a gaban kujerar direba.

"Zakara ya hau Gimbiya yana da rai," in ji shi ranar da ya tara mu kallon shimfiɗar, "zai ci gaba da hawanta bayan ransa. Ƙafar da ke jan fareti ba ta taka roba kamar ƙafar kowa."

Muka tafa. Babu wanda ya ambaci cewa Shugaba gajere ne, kuma ninkin yana ɗan ɗaga masa dunduniya.

Ba a jima ba Gimbiya ta kamu da wani ciwo. In ya taka totur sai ta yi shiru kamar tana shawara, ya ƙara takawa ta ƙara tunani, can sai ta zabura gaba ɗaya. Neville ya ce fetur ɗin yanzu ne ba shi da jini a jika. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta a cikin kwanon miyar Glenys, ya zuba wani magani daga kwalba mai hoton damisa. Gimbiya ta karɓi duk wannan kulawa, ta ci gaba da shawararta.

Abin ya fito fili a faretin bara. Daidai gaban rumfar manyan baƙi motar ta tsaya tunani, sannan ta fizga. Zakaran shekarar, wani rago mai ji da kansa, ya zauna daɓas a kan ɗuwawunsa, ƙafafu huɗu a sama, jan ƙyallen nasara ya rufe masa ido. Gari ya yi dariya har bayan girbi. Col Pfeiffer bai yi ba, don ragon nasa ne.

Saboda haka bana, da baje-koli ya matso, Misis Beryl Hocking ta kira Neville. Ita ce shugabar kwamitin shirye-shirye, mace ce da ko sajan 'yan sandan gari ke cire hula tun kafin ta juyo.

"Neville, ba na son dogon bayani," ta ce. "Ranar Juma'a, jajibirin baje-koli, zan ɗora kofin shayi cike a bayan motarka. Ka taso daga ƙofar fili zuwa rumfa. In ya zube, taraktar Wal ce za ta ja fareti."

"Beryl, da kin san yadda iska ke zagayawa a cikin inji..."

"Ban sani ba. Shayi na sani. Sai Juma'a."

Tarakta! A gaban fareti! Neville ya shigo mashaya da yammacin ranar fuskarsa kamar an yi masa rasuwa, amma kafin ya ga ƙasan kwalbar farko wahayi ya sauko. Ya miƙe, ya buga sifana a kan tebur.

"'Yan uwa, na gano shi. Na daɗe da ganowa, ina jira ne ku kai matsayin fahimta. Inji kamar mutum yake. Abin da ya shiga dole ya fita. In hanyar fita ta ƙuntata, hayaƙi ya dawo ya tokare masa ƙirji, to ka taka totur yaya zai amsa? Salansa ce! Wannan tsohuwar salansa ita ta shaƙe Gimbiya. Injiniyoyin birni sun yi shekaru suna neman wannan sirri da na'urori. Ni da kunne na ji shi."

Wal ya kalli karensa, ya ce wa Neville, "Mutumina, ko za ka bar wani ya ɗan ja ta, mu ji?"

"Wal, kai da ka ƙare rayuwarka a kan tarakta, me za ka ji? Kunnenka ya daɗe da yin ritaya."

A gida ma an so a kawo wa kimiyya cikas. Glenys tana yanka masa burodi ta ce, "Ni fa Nev, ban taɓa jin tana wannan jinkirin ba." Kowa a garin ya san duk Alhamis, in Shugaba ya tafi wasan mirgina ƙwallo da tsofaffi, Glenys takan ɗauki Gimbiya ta je sayo abincin kaji. Kowa ban da Shugaba. Shi ya ɗauka daga kujerar fasinja take magana, sai ya yi murmushin tausayi.

"Glen, inji ba kek ba ne. Akwai abin da sai ƙafar gwani ke ji."

Ta ce to, ta miƙa masa man shanu.

An yi aikin cire tsohuwar salansa ranar Asabar, a rumfar bayan gidansa, gaban 'yan ƙungiya da aka gayyata su ƙaru. Ya fara da zagaya gari da motar don, a cewarsa, ƙarfe ya saki jiki. Yana kashe ta ya kwanta ya kama bututun da hannu biyu. Ihun da ya yi ya tayar da aku daga kan itatuwa har bakin layin dogo. Da ya fito yana hura tafin hannu, ya bayyana mana cewa da gangan ya yi, gwani ba ya yarda da zafin da bai auna da kansa ba.

Kusoshin sun yi tsatsa sun manne. Ya fesa musu mai, ya yi musu magana mai daɗi, ya zage su. Na farko ya karye, na biyu kansa ya murje. A ƙarshe zarto ne ya raba gardama, kuma tsohuwar salansa ta faɗo masa a ciki tare da ƙasar hanyoyin gundumar nan duka. Ranar ce baƙin mai ya sadu da farar riga a karon farko. Ya ɗaga salansar sama kamar wanda ya kamo ɓarawo.

"Ga maƙiyin nan. Ku dube shi da kyau."

Muka duba. Ban da tsatsa a jiki ba mu ga laifinta ba, amma mu ba farfesoshi ba ne. Glenys ta zo da faranti, ta ajiye mana shayi, ta ɗauki maƙiyin ta tafi da shi. Daman tana neman abin da za ta tokare ƙofar akurkin kaji.

Sabuwar da ya sayo daga birni tana da faɗin baki da kai zai iya shiga. Ya ɗaura ta, ya tayar da inji, tagogin maƙwabta suka amsa. Ya fita gwaji muna biye da ido. A bakin titi ya taka totur. Gimbiya ta yi shiru, ta yi tunani, ta zabura, sai dai yanzu da rugugin da ya sanar da duk gari cewa ta gama shawara. Da can Neville kaɗai ya san lokacin da motarsa ke jinkiri. Yanzu har mai gidan waya ya sani.

Da wani mai ƙaramar zuciya ne, da ya ce ya yi kuskure. Neville ya ce sakamakon ya tabbatar da bincikensa.

"Kun ji yadda ta buɗe murya? Wannan rabin warkewa ke nan. Saura hanya. Hayaƙi, 'yan uwa, ɗabi'arsa tashi sama. Wane ne ya ce a kwantar da shi a ƙasa, a bi da shi ta ƙarƙashin mota kamar maciji? Jahilcin kamfanoni ne. Ni zan mayar da shi inda Allah ya nufe shi."

Ya cire sabuwar salansar, ya samo dogayen bututu biyu na babbar motar dakon shanu da ta mutu a bayan gari, ya kafa su tsaye a bayan kan motar, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba ya walda, don ya ce walda aikin marasa dabara ne. Wayar shinge ya sa. A nan ba za mu zarge shi ba, a garin nan babu abin da ba a ɗaure da wayar shinge ba, daga ƙofar coci zuwa tabaran Wal. Sai dai ko wayar shinge tana da iyakar haƙuri.

Satin nan ba mu huta ba. Kajin unguwa suka daina ƙwai. Malamar makaranta takan dakata da karatu in ya wuce, yara su ɗauka hutu ne. Sajan ya tsayar da shi, ya saurari laccar tashin hayaƙi har ya manta abin da ya sa ya tsayar da shi. Ni kaina haushi ya kama ni, don gidana na gefen titinsa, kuma na fara yi wa taraktar Wal addu'a a ɓoye. Shi kuwa Shugaba ya ɗauki duk mai toshe kunne a matsayin mai sara masa.

Ranar Juma'a da hantsi rabin gari na filin baje-koli. Ana kafa rumfuna, ana wanke shanu, mata na jera kek a tantin shayi, ƙamshin nama da albasa na tashi daga kan garwashi. Gimbiya ta tsaya a ƙofar fili, bututunta biyu na ƙyalli. A bayanta motocin dabbobi sun yi layi suna jiran a ba su hanya. Misis Hocking ta zo da kofi a kan faranti, cike har baki, ta ɗora a bayan motar, ta ja da baya ta harɗe hannu.

Neville ya leƙo ta taga. Ba zai bar taro irin wannan ya wuce ba jawabi ba.

"Jama'ar Yarrabool! Yau za ku ga abin da jikokinku za su karanta. An ce tsohuwa ce, an ce ta gaji, har an kwatanta ta da tarakta. Na yafe. Beryl, ki shirya shan shayinki a rumfa, da zafinsa, ko ɗigo ba zai ɓata ba."

Ya tattaka totur sau da yawa don ta shirya, ya sa giya, ya saki kuloci. Gimbiya ta yi shiru. Ya ƙara takawa. Ta ci gaba da nazari. Wani daga cikin masu motocin shanu ya danna ham. Wuyan Shugaba ya yi ja, ya tattara duk nauyin da Allah ya ba shi ya danna ƙafa.

Ƙarar da ta biyo baya, tsofaffin da suka yi soja sun ce sun san irinta. Bututun dama ya tsinke waya ya tashi sama, kamar yadda binciken ya yi alkawari, ya sauka a kwamin ruwan dawaki. Na hagu ya kwanta a hankali ya rataye. Gimbiya ta yi tsalle ɗaya ta mutu a tsakiyar ƙofa. Kofin Misis Hocking kuwa har yau ana samun gutsattsarinsa in an yi shara. Dawaki suka yi ta haniniya, wani bijimi ya ja mai wanke shi har cikin tantin kek, karen Wal ya shige ƙarƙashin tarakta ya ƙi fitowa.

Neville ya fito cikin hayaƙi, ya nufi kwamin ruwa don ceto bututunsa, yana bayani ga duk wanda ya ci karo da shi cewa wannan tari ne na ƙarshe, irin wanda majiyyaci ke yi kafin ya miƙe.

"A cire min wannan abar daga ƙofa!" in ji Misis Hocking. "Shanu na gasuwa a rana!"

Babu wanda ya motsa. Dokar kujerar direba ta shige mana jini. Wal ya matso dai, ya ajiye kofin shayinsa a bayan motar, ya naɗe hannun riga zai tura. Sai ga Glenys ta fito daga tanti, gari a hannunta, tana goge shi a zanen gabanta.

"Kai Wal, bari, bayanka zai riƙe. Matsa."

Ta buɗe ƙofa, ta sunkuya, ta fizgo fatar Janar daga inda ta dunƙule a ƙarƙashin totur, ta wurga ta baya kamar yadda ta saba yi duk Alhamis.

"Wannan ƙazamar fata, ni atishawa take sa ni," ta ce, ba da kowa ba.

Ta cire takalmi, ta murɗa makulli. Ƙara dai tana nan, don babu salansa ko ɗaya. Amma Gimbiya ta taso sumul, ba shawara, ba tunani, ta bi gefen fili da tafiyar ƙafa, ta wuce rumfar manyan baƙi, ta tsaya ƙarƙashin inuwa. Wal ya bi ta a baya yana neman shayinsa. Ya ɗauko kofin ya duba, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. Cike yake yadda ya ajiye shi.

Neville na tsaye da bututu a kafaɗa, ruwa na ɗiga a rigarsa. Ya kalli motar, ya kalli fatar, ya kalli matarsa. Na rantse na ji tausayinsa a wannan lokacin, kuma da ya yi shiru da tausayin ya daɗe. Amma Farfesa ne.

"Kun gani?" ya ce. "Tana gama fitar da hayaƙin nan ta warke. Abin da nake faɗa ke nan tun farko."

Misis Hocking ta dube shi daga sama har ƙasa, tafiyar da ba ta da nisa.

"Mota ta ci jarrabawa," ta ce. "Direba ya faɗi. Glenys, gobe ke za ki ja mu. A mayar mata da salansarta ta da, ba na son jin ko tari. Kai kuma Neville, tunda ba ka rabuwa da ita, ka hau baya ka riƙe rago. Col ya ce ba zai sake yarda ragonsa ya hau ba mai riƙewa."

Da yamma aka je akurkin kaji aka ba maƙiyi haƙuri. Wal ya ɗaure shi a mazauninsa da wayar shinge, Gimbiya ta koma magana ƙasa-ƙasa kamar da. A mashaya Neville ya sanar da cewa shi ya horar da Glenys a asirce, kuma ya zaɓi komawa baya ne da kansa domin ya saurari fitar hayaƙi daga kusa. Ya ce manyan shugabanni daga baya suke jagoranci. Muka ce haka ne, Shugaba.

Ranar Asabar rumfa ta cika maƙil. 'Yan badujala suka busa, Gimbiya ta shigo fili tana tafiya kamar a kan ruwa, Glenys ta ɗora gwiwar hannu a taga. A baya ga zakaran bana tsaye da ƙafafunsa huɗu, jan ƙyalle a wuya. Kusa da shi ga Shugaban Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci ta Yarrabool da Kewaye, cikin sabuwar farar riga, zaune a kan fatar Janar, wadda a ƙarshe ta sami wurin da ba ta tare wa kowa hanya. Hannunsa ɗaya na riƙe da ƙaho.

"Jama'a, ga zakaranmu na bana!" in ji mai sanarwa ta lasifika.

Fili ya ɗauki tafi da fito. Neville ya gyara zama, ya cire hula, ya shiga ɗaga wa jama'a hannu, dama da hagu, a hankali, yana sunkuyar da kai don nuna tawali'u. Tafin ya ƙaru, shi ma ya ƙara. Mai sanarwa ya ɗan jira, ya yi gyaran murya.

"Saboda baƙinmu da suka zo daga nesa," ya ce, "mai jan ƙyalle a wuya muke nufi."